Me ke sa mutum ya yi hidima a ikkilisiya, kuma wa zai kula da mai hidimar?

Sakataren Matasa:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke neman ma'aikata a majami'unmu, ina so in ji ta bakin manya. Duk lokacin da aka rasa malaman makarantar Lahadi, ko masu shara, ko masu tarbar baƙi a ƙofa, maganar da ake yi daga bagade kusan ɗaya ce: ka yi wa Allah nasa, shi ma zai yi maka naka. Mai neman aiki a ce masa ya shiga mawaƙa, ƙofa za ta buɗe. Mai neman miji ko haihuwa a ce ta riƙe tsintsiya a ɗakin Allah, za ta ga abin mamaki. A ranar mutane da yawa za su ba da suna. Kafin kaka ta zagayo, wanda ya samu abin da yake nema ya ɓace domin buƙata ta biya, wanda bai samu ba shi ma ya ɓace domin ransa ya ɓaci, sai a koma kan mutane ƙalilan ɗin nan da suka saba ɗaukar kowane kaya. Shin laifi ne mutum ya yi hidima yana sa ran lada? In laifi ne, to me za mu faɗa wa matasa ya sa su tashi?

Maman Zumunta:
Ɗana, sannu da wannan tambaya. Mu a Zumuntar Mata ba wanda ya taɓa yi mana alkawarin komai. In aka yi rasuwa mu ne a gidan tun asuba da itace da tukwane, in mace ta haihu mu ne, in wani ya kwanta a asibiti mu ne da kwanon kunu. Mutane suna ganin zanen zumunta da tulu da kacau-kacau ranar Lahadi, suna tsammani rawa ce aikinmu. Ni abin da ya riƙe ni shi ne na san daga inda Yesu ya ɗauko ni. Wanda ya ba da ransa domina, in na wanke masa benci ai ban biya shi komai ba. A cikinmu akwai matan da har yau ba su haihu ba, akwai gwauraye, kuma su ne farkon zuwa.

Ɗan Tudun Wada:
Mama, na durƙusa na gaishe ki, amma a bar ni in kare matasan nan kaɗan. Littafi Mai Tsarki da kansa yana maganar lada. Matiyu 10:42 ya ce ko ƙoƙon ruwan sanyi ka ba wani saboda shi almajiri ne, ladanka ba zai faɗi ba. Ibraniyawa 6:10 ya ce Allah ba marar adalci ba ne da zai manta da aikinmu. Bitrus ma a Matiyu 19:27 fitowa fili ya yi ya tambayi Yesu cewa mun bar komai mun bi ka, me za mu samu? Yesu bai tsawata masa ba, amsa ya ba shi. Saurayin da ya gama makaranta yana zaune gaban iyayensa babu aiki, in ya shiga hidima yana roƙon Allah ya dube shi, ni ban ga zunubinsa ba.

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana na Tudun Wada, ka karanta da kyau, amma ka tsaya da wuri. Ka ci gaba zuwa sura ta 20. Nan da nan bayan amsar da Yesu ya ba Bitrus, sai ya kawo misalin ma'aikatan garkar inabi. Waɗanda aka ɗauka da sassafe sai da suka yi ciniki, aka daidaita a kan dinari guda. Waɗanda aka ɗauka da la'asar sakaliya ba su yi cinikin komai ba, sun shiga gona ne domin mai gona ya kira su. Da aka zo biya, su wa suka tafi gida da gunaguni? Masu cinikin. Sun karɓi haƙƙinsu cif, amma zuciyarsu ta yi ɗaci domin alherin da aka yi wa wasu. Wannan ɗacin na gan shi a fuskar masu hidima da yawa: mutum ya yi shekaru yana waƙa, a yi bikin ƙanwar bayansa, sai ya fara jin Allah ya ci amanarsa.

Lada gaskiya ne, ba na musun wannan. Roƙon Allah aiki ko aure ma daidai ne, Uba ne, ka roƙe shi ko kana mawaƙa ko ba ka ciki. Inda matsalar take shi ne a mai da hidima kuɗin sayen amsar addu'a. Afisawa 2:8 zuwa 10 ya jera abin bi da bi: an cece mu ta wurin alheri, ba da aikinmu ba, sa'an nan aka ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ceto ne a gaba, aiki yana biye. Fastocin da suke juya wannan jeri domin su cika guraben kwamiti suna cutar matasa, kuma zan faɗa ko a gaban taron fastoci.

Ku tuna yadda bishara ta iso mana. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar da ake kira Sudan a lokacin, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, babu wanda ya ga majami'a ko ɗaya da idonsa. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa, ciwo ya sake mai da shi, sai a 1902 aka kafa tasha a Pategi. Daga wannan aiki na mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. In hidima ciniki ce, Gowans da Kent sun yi asara ke nan. Kuma kada a ɗauka Turawa kaɗai ne. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, fastoci na farko a ikkilisiyar da ake kira COCIN yanzu, kuma kafin su da bayansu akwai masu bishara da yawa da suka bi ƙauyuka a ƙafa, suka yi noma da safe suka koyar da karatu da yamma, sunayensu ma ba su shiga takarda ba. Da Yesu zai mai da Bitrus bakin aiki a Yohanna 21, tambaya ɗaya ya yi ta maimaita masa: kana ƙaunata? Sa'an nan ya ce ya yi kiwon tumakinsa. Ita ce tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini ya ce yana so ya yi aikin Ubangiji.

Sakataren Matasa:
Na gode Baba Rabaran. Wannan haɗin sura 19 da 20 ban taɓa lura da shi ba. Da izininka zan yi amfani da shi a nazarin Littafi na matasa.

'Yar Mai Bishara:
Baba, ina girmama furfurarka, kuma duk abin da ka faɗa na yarda da shi. Amma zuciyata ta yi nauyi da ka ambaci masu bisharar da suka bi ƙauyuka a ƙafa, domin ni 'yar ɗaya daga cikinsu ce, kuma na san abin da ba a faɗa ranar da ake yabonsu. Mahaifina ya yi aiki a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Albashinsa ɗan kaɗan ne, shi ma sai a yi watanni ba a biya ba. In ya je ofis ya yi magana, sai a dafa kafaɗarsa a ce Malam ladanka yana sama. An sha koro mu daga makaranta saboda kuɗi. Mahaifiyata ta yi ta sayar da ƙosai da ƙuli domin mu ci, ga ta kuma ita ce mai koyar da mata, ita ce mai karɓar baƙi, ita ce ungozoma, babu wanda ya taɓa lissafa ta cikin ma'aikata. Waɗanda suke ce masa ladansa yana sama, nasu ladan a ƙasa suke karɓa duk ƙarshen wata.

Yayana ya daina zuwa sujada saboda wannan, har yau muna yi masa addu'a. Don haka in ana koya wa matasa su yi hidima domin ƙauna, a koya wa shugabanni kuma 1 Timoti 5:18, cewa kada a sa wa takarkari takunkumi yana sussuka, ma'aikaci ya cancanci ladansa. 1 Korantiyawa 9:14 ya ce Ubangiji ne ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar ƙauna tana da daɗi a bakin wanda ya ƙoshi, amma ana iya mai da ita sandar dukan talaka.

Rabaran Mai Ritaya:
'Yata, ba ni da abin da zan kare. Abin da aka yi wa mahaifinki zalunci ne, kuma Yaƙub 5:4 ya ce kukan ma'aikatan da aka danne wa haƙƙi yana kaiwa kunnen Ubangiji. Mai hidima yana da ikon ya ce na bar haƙƙina saboda Almasihu, kamar yadda Bulus ya yi a Koranti. Wanda ke riƙe da asusu ba shi da ikon ya faɗa masa haka a madadinsa. Ki gaishe mini da mahaifiyarki, ki ce mata wani tsoho yana gode mata.

Ma'ajin Ikkilisiya:
Yaya, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma'aji ne, bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, ba domin in wanke kowa ba. A wurare da yawa abin da ma'aikaci zai samu ya dogara ne ga baikon majami'ar da aka tura shi. Majami'ar birni tana da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa masu ba da zakka kowane wata. Ta ƙauye manoma ne, kuɗi ba ya shiga hannunsu sai da kaka, baikon godiyarsu ma buhun dawa ne da masara da kaji. Daga ɗan abin da aka tara kuma sai an fitar da kason gunduma da na hedkwata. Sakamakon haka mutane biyu da suka zauna aji ɗaya a makarantar Littafi, ɗaya yana da mota, ɗaya yana neman bashin taki. Shi ya sa lokacin canjin wurin aiki ya zama lokacin kamun ƙafa, kowa yana neman a kai shi inda akwai maiƙo. Ba duka son duniya ba ne, wani yaransa ne suka kai shiga jami'a.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. EMS, hukumar bishara ta ECWA, ta daɗe tana aiki ta hanyar da majami'a ko zumunta ko mutum ɗaya zai ɗauki nauyin mai bishara. Majami'ar birni da ta iya sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki ta iya ɗaukar iyali biyu ko uku na ƙauye ba tare da ta ji a jikinta ba. Abin da ke hanawa shi ne tayil ana ganinsa, mai bisharar ƙauye kuwa ba a ganinsa.

Ɗan'uwa daga Mubi:
Gaisuwa gare ku duka. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma a wurinmu wannan tambaya ta wuce ta albashi. Ikkilisiyarmu ta fara ne a Garkida a 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya. A 2014 mun ga abin da kakanninmu ba su gani ba. A watan Afrilu aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne. A watan Oktoba Boko Haram suka shiga hedkwatarmu a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru da sansanonin gudun hijira. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika, aka kashe shi. Duk wanda ya ga bidiyon da aka ɗauke shi yana hannun waɗanda suka kama shi ya ga mutumin da hankalinsa a kwance yake.

Abin da nake so ku sani shi ne bayan duk wannan, akwai waɗanda aka ce su koma garuruwan da aka ƙone, kuma suka koma. Sun yi sujada a cikin kango babu rufi. Akwai mata da suka tara yara a sansani suna koya musu waƙa da addu'a domin su manta da ƙarar bindiga. Wane alkawarin buɗi ne zai sa mutum ya yi haka? In ka tambaye su, amsar ba ta wuce cewa mutanena suna can, wa zai binne matattunsu, wa zai yi wa 'ya'yansu baftisma. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 5:14 ƙaunar Almasihu ce take iza mu. Ni na ga wannan aya tana tafiya da ƙafafu biyu.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ta'azantar da ku ɗan'uwa. To faston da ya kwashi iyalinsa ya gudu bai koma ba fa? Shi ne ɗan ƙodagon da Yohanna 10:12 ya ce yana ganin kyarkeci sai ya bar tumaki?

Ɗan'uwa daga Mubi:
A'a, kada ka yi saurin faɗin haka. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 10:23 in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Bulus ma a kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu da dare. Sau da yawa jama'ar ce gaba ɗaya ta gudu, faston ya bi su, ya ci gaba da kiwonsu a inda suka sauka. Wani kuma abin da ya gani ya taɓa masa hankali, ba ya iya barci, yana buƙatar a kula da shi ne. Ɗan ƙodago shi ne wanda bai damu da tumakin ba, haka ayar da ke biye ta ce. Wanda bai taɓa kwana a daji da yara ƙanana ba ya yi hattara da hukunci.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
Ni abin da ya fitar da ni daga hidima ba yunwa ba ce, ba bindiga ba ce. Gajiya ce da siyasa. Ina mawaƙa, ina ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, ina koyar da yaran ƙungiyar Brigade, ina kwamitin gini. Babu yammacin da nake gida, matata ta fara cewa majami'a ce uwargida. In na ce ba zan iya ƙara wani aiki ba, sai a ce na fara sanyi a ruhaniya. Ana nan sai zaɓen dattawa ya zo, na ga mutanen da ba su taɓa ɗaga kujera ba suna bi gida gida da dare, ana cewa wannan karon sai ɗan yarenmu. Wanda yake ziyartar marasa lafiya shekara da shekaru aka ajiye shi gefe domin ƙabilarsa ba ta da yawa a majami'ar. Daga ranar na ajiye komai. Ina zuwa sujada in zauna a baya in tafi. Amma gaskiya ba ni da salama, in mawaƙa suka tashi sai in ji hawaye.

Malamar Makarantar Lahadi:
Yaya, hawayen nan suna faɗa maka wani abu. Ka bar ni in raba maganarka biyu. Ta gajiya, ba ka yi laifi ba. Yetro ya ga Musa yana zaune daga safe har yamma yana shari'a shi kaɗai, ya ce masa abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da jama'ar, ka raba aikin. Yana cikin Fitowa 18. Yesu ya ce wa almajiransa su zo waje ɗaya su huta, a Markus 6:31, domin ko sukunin cin abinci ba su da shi. Da Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika abinci da ruwa ya kawo masa, ya bar shi ya sake barci. Matarka kuma tana da haƙƙi a kanka wanda kwamitin gini ba shi da shi. Mutum ɗaya ya riƙe aiki huɗu alama ce ta cewa mutum uku suna zaune ba su yin komai, kuma yawan amsa to ɗinka yana taimaka musu su ci gaba da zama.

Ta ƙabilanci kuwa tsohuwar cuta ce. A Ayyukan Manzanni 6, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Dubi abin da aka yi: aka zaɓi mutum bakwai, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su, su Istifanas da Filibus. Wato aka danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Yau wace majami'a ce za ta yi haka? Amma in masu tsoron Allah suka koma bencin baya, kujerun gaba ba za su zauna babu kowa ba, masu yawon dare ne za su cika su. Ka koma mawaƙa kaɗai, ka bar sauran.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
Malama na ji. Abin da ke yi mini wuya shi ne in tsaya ina waƙa wanda ya yi wannan aika-aika yana zaune a kujerar dattawa yana kallona.

Malamar Makarantar Lahadi:
Bulus yana kurkuku ya ji cewa wasu suna wa'azin Almasihu don hassada da son kai, har da niyyar ƙara masa wahala. A Filibiyawa 1:18 ya ce duk da haka ana shelar Almasihu, yana murna. Bai ce sun yi daidai ba. Ka je ka sami dattijon nan ku biyu ka faɗa masa abin da ke ranka, kamar yadda Matiyu 18 ya koyar. Waƙar kuma ba shi kake yi wa ba.

Katikis:
Ni ɗan Katolika ne, ina jin daɗin wannan hira. A wurinmu kowace Alhamis Mai Tsarki Fada yakan ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutane, domin tunawa da Yohanna 13. Tun da Fadoji suka kafa tasha a Shendam a 1907, katikis ne suke riƙe ƙauyukan da Fada ba ya isa sai jefi jefi. Mu ne muke jagorar addu'ar Lahadi, mu shirya masu baftisma, mu zauna da mai jinya. Ba mu da riga mai ban sha'awa, kuma abin da 'yar'uwarmu ta faɗa game da albashi, mu ma mun san shi. Abin da ke ƙarfafa ni a wannan sura shi ne Yesu ya wanke ƙafafun Yahuza ma, alhali ya san abin da zai yi a daren. Don haka ɗan'uwa mai waƙa, kasancewar mutumin banza a ɗaki ba ta hana a ɗauki tawul.

Nas daga Maraɗi:
Ina gaishe ku daga Nijar. A nan mu 'yan kaɗan ne, majami'a da yawa ba ta iya biyan fasto, don haka za ka ga fasto tela ne ko manomi ko malamin makaranta, kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa a Koranti. Ina so in ƙara wani abu. Duk hirar nan hidima tana cikin katangar majami'a. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, ga na Danja kusa da mu da ya daɗe yana kula da masu ciwon kuturta. Mafi yawan waɗanda ake jinya a wuraren nan maƙwabtanmu ne Musulmi, ana duba su kamar kowa, kuma akwai mutunci tsakaninmu. In na kwana a tsaye kan yaron da zazzaɓin cizon sauro ya galabaitar, har na kasa zuwa sujadar safe, sai wata ta ce mini ba na hidima. Ni a ganina Kolosiyawa 3:23 ya haɗa da ni.

Rabaran Mai Ritaya:
Ya haɗa da ke 'yata, babu tantama. Afisawa 4:12 ya ce an ba da fastoci da masu koyarwa ne domin su shirya tsarkaka ga aikin hidima. Ke nan jama'a ne masu hidimar, fasto mai shirya su ne. Mun juya abin, muka mai da fasto ɗan wasa, jama'a 'yan kallo. Shi ya sa duk saurayin da ya nuna himma sai a ce masa ya tafi makarantar tauhidi, kamar babu wata hanyar bauta wa Allah. Ga kuma wasu da suke tafiya domin jami'a ba ta ɗauke su ba, ko aiki ya ƙi samuwa. Irin waɗannan su ne suke zama Gehazi baran annabi Elisha, su bi Na'aman a guje bayan annabi ya ƙi karɓar kyauta.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, a yi mini gafara, wannan ta taɓa ni. Ni ma ban samu gurbin karatun da na nema ba kafin na zo makarantar tauhidi, kuma an sha yi mini gori da haka. Amma tun ina sakandare a FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, nake jin nauyin wa'azi, ina ta kaucewa domin na ga wahalar da fastocin ƙauye suke sha. Rufewar waccan ƙofa ce ta sa na daina gudu. Yaya za a bambanta ni da wanda ya zo neman abinci? Ni kaina wani lokaci ina tambayar zuciyata.

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, ban yi nufin in yi maka rauni ba, kuma wanda ya zo neman abinci ba ya yi wa zuciyarsa irin wannan tambaya. Ba kai kaɗai za ka tabbatar da kiranka ba. A Ayyukan Manzanni 13, Barnaba da Shawulu suna cikin aiki a Antakiya, Ruhu ya yi magana da ikkilisiya, ikkilisiya ta ɗora musu hannu ta sallame su. Ka tambayi dattawan majami'ar da ka tashi a cikinta, da matan zumunta da suka san ka tun kana yaro, ko sun ga abin a jikinka. Ka dubi 1 Timoti 3, kusan duk abin da aka lissafa hali ne, iya koyarwa kaɗai ne ya shafi baiwa. Sa'an nan ka jira ranar da za a tura ka wurin da babu wuta babu hanyar waya. Abin da za ka ji a ranar zai faɗa maka gaskiya fiye da ni.

'Yar Mai Bishara:
To Baba, in an tura shi can ya tafi da zuciya ɗaya, ya yi shekara talatin, sai me? Ina tambaya ne domin mahaifina da ya rasu, ba a daɗe da ta'aziyya ba aka ce wa mahaifiyata ta fita daga gidan fasto domin sabon ma'aikaci yana zuwa. Ba mu da ko ɗaki ɗaya namu, domin duk rayuwarsa a gidajen ikkilisiya ya yi ta. Wani dattijo ne ya ba mu aron ɗaki biyu. Baba Ma'aji, a majami'arku akwai wani tanadi domin gwaurayen ma'aikata da waɗanda suka yi ritaya?

Ma'ajin Ikkilisiya:
Abin da muke yi shi ne buhun shinkafa da atamfa lokacin Kirsimeti, bai wuce haka ba, kuma bai isa ba. Kwamitin kuɗi zai zauna kafin a karanta kasafin sabuwar shekara. Zan kawo shawara biyu: a ware wani kaso na baikon godiya domin gwaurayen ma'aikatan gundumarmu, a riƙa ba su kowane wata, kuma a nemi gunduma ta sa doka cewa ba za a fitar da iyalin ma'aikacin da ya rasu daga gida ba sai an sama musu wurin zama. Na san za a ce mini ginin bai ƙare ba. Maman Zumunta, in mata suka goyi baya, dattawa ba sa iya ƙi. Za ku tsaya mini?

Maman Zumunta:
Ka kawo maganar a rubuce ranar Talata da muke taruwa, a karanta wa mata da Hausa. Ka zo da sunayen gwaurayen da ƙauyukan da suke, mu fara kai musu ziyara kafin kwamitinku ya zauna.